Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Mata, Mawaƙiya, Kakar Wazirai



Duk wanda ya zauna ajin Tarihi a makarantarmu ba zai manta da sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, da na ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, da na ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mun haddace shekarun yaƙe-yaƙe saboda jarrabawa: Tabkin Kwatto 1804, cin Alkalawa 1808, shigar Turawa Sakkwato 1903. Amma akwai wata baiwar Allah a wannan gida wadda galibi layi ɗaya ko biyu ake ba ta a darasi, a wuce. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu. Ta yi shekara saba'in da ɗoriya a duniya, fiye da arba'in daga cikinsu kuwa tana rubutu tana karantarwa. Malama ce, mawaƙiya ce, sa'an nan kaka ce da Allah Ya nuna mata jikanta a kan sarautar da mijinta da ɗanta suka riƙe.

Dalilin da ya sa na ga ya dace a tuna da ita a wannan mujalla tamu shi ne, mafi yawanmu 'ya'yan ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, kafin mu san allon makarantar boko, kafin ma a kai mu wurin malamin zaure, wata tsohuwa ce a cikin gida ta fara sa mana Bisimilla da Fatiha a baki, ta koya mana gaida manya, ta rera mana begen Annabi muna kwance a cinyarta. Wannan aiki na tsofaffin mata yana da tarihi, kuma babu inda tarihin ya fito fili kamar a rayuwar Nana Asma'u.

Haihuwarta da Tashinta

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, arewa da inda birnin Sakkwato yake a yau. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan uwanta Hassan. Bisa al'ada da an kira ta Hassana ko Husaina, amma Shehu ya sa mata sunan Asma'u, takwarar 'yar Sayyadina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a lokacin Hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana 'yar ƙarama, saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan ne asalin shaƙuwar da ke tsakaninta da wanta Bello, wadda ta ɗore har mutuwa ta raba su.

Gidan da ta tashi a ciki, karatun mata ba baƙon abu ba ne a cikinsa. Mahaifiyar Shehu da kakarsa duk masu ilmi ne, haka kuma matansa da 'ya'yansa mata. Shehu da kansa ya sha suka daga wasu malaman zamaninsa a kan yadda mata ke halartar wa'azinsa, shi kuwa a littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajiran waje, su bar matansu da 'ya'yansu cikin duhun jahilci. A irin wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci tauhidi da fiƙihun Malikiyya da tarihin Annabi da sufancin Ƙadiriyya. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa har tana rubutu da dukkansu, tana kuma jin harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara 11 rikici ya tsananta tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi ƙaura daga Ɗegel zuwa Gudu, aka ɗora littattafan Shehu a kan raƙuma, mata da yara suka bi sahu. Shekarun da suka biyo baya na wahala ne ƙwarai. An ci nasara a Tabkin Kwatto, amma a Tsuntsuwa an yi asarar mahaddata Alƙur'ani masu yawa, a Alwasa ma an sha kashi, ga yunwa ga cuta, ga tafiya daga wannan zango zuwa wancan. Duk wannan yarinyar ta gan shi da idonta, kuma ba ta manta ba, domin bayan shekara talatin da wani abu ta tsara labarin tafiyar da Fulatanci, ƙanenta Isa ya mayar da shi Hausa. Ita ce waƙar da aka sani da Waƙar Gewaye.

Aure da Zaman Sakkwato

A 1807 aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, a wannan shekarar kuma ta rasa ɗan tagwaicinta Hassan. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Ke nan tun tana da shekara 24 ta samu kanta a tsakiyar sha'anin mulki: wanta ne sarki, mijinta ne waziri. Gidansu ne masaukin manyan baƙi, har Baturen nan na Ingila, Kyaftin Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya sauke shi.

Wata macen da ta samu kanta a wannan matsayi da ta zauna ta ci daula. Ita kuwa a 1820 ta rubuta littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba sai da ajali ya zo. Abin da ya iso hannun manazarta na rubuce-rubucenta ya kai kimanin 60, wasu gajeru, wasu masu tsawo. Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837, ita da mijinta suka duƙufa wajen tattara tarihin Shehu da na Bello da kiyaye littattafansu, shi yana rubutawa da Larabci a zube, ita tana tsarawa a waƙe. Sunanta ya kai nesa, har wani malami daga Shinƙiɗi, cikin ƙasar Muritaniya ta yau, da ya biyo ta Sakkwato, suka yi musayar baitoci na girmamawa da ita.

Matsalar da Ta Tarar

Cin yaƙi daban, gyaran jama'a daban. Bayan an kafa daula, dubban mata na Gobir da Zamfara da Kabi sun shiga gidajen Musulmi, wasu ta hanyar aure, da yawa kuwa kamammun yaƙi ne, musamman bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Waɗannan mata ba su san Larabci ba, ba su jin Fulatanci, galibinsu ko alwala ba a koya musu yadda ya kamata ba. Abin da suka sani tun kaka da kakanni shi ne bori. In yaro ya yi zazzaɓi, ko haihuwa ta zo da gardama, ko kishiya ta dami mace, wurin 'yan bori za ta nufa. A Gobir ma akwai babbar sarautar mata, wato Inna, 'yar gidan sarauta wadda ke shugabancin bori, kuma mata na jin maganarta ƙwarai.

Ga kuma wani ƙulli. Malami namiji ba ya shiga cikin gidan wani, matar aure mai ƙuruciya kuwa ba ta barin ɗakinta ta tafi neman karatu wani gari. Alhali waɗannan matan su ne ke goyon 'ya'yan da za su gaji daular, kuma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ashe in ba a kai ilmi cikin gida ba, duk abin da aka yi a fagen fama ya tashi a banza. Wannan ita ce matsalar da Nana Asma'u ta sa a gaba, kuma hanyar da ta bi ta warware ta ita ce babban abin da ya sa ake tunawa da ita.

'Yan Taru

Tun daga shekarun 1830 ta fara tsara abin da aka sani da 'Yan Taru. Ta lura cewa mata iri biyu ne al'ada ta yarda su yi tafiya ba tare da tsegumi ba: tsofaffin da suka gama haihuwa, da 'yan matan da ba su isa aure ba. Sai ta gina makarantarta a kansu. A kowane ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta shugaba, ana kiranta jaji, wato sunan da fatake ke kiran mai ja musu gaba a hanya. Nana da kanta take naɗa jaji, ta ɗora mata malfa, ta naɗe malfar da jan ƙyalle. Masu nazari sun lura cewa irin wannan malfa tana cikin kayan sarautar Innar Gobir. Wato ta ɗauki alamar da matan ƙasar suka saba girmamawa, ta ɗora ta a kan malama. Wannan hikima ce ta wanda ya san jama'arsa.

Jaji takan tara matan ƙauyenta, su kamo hanya a ƙasa har gidan Nana, wasu tafiyar kwana da kwanaki, suna tafe suna rera abin da aka koya musu. Sukan zo da sadaka gwargwadon hali, kamar zuma da man shanu da hatsi da zare, ita kuma ta raba wa mabukata. Sai su zauna ta biya musu sabuwar waƙa, ta warware musu ma'anarta, ta saurari matsalolin da suka zo da su, na aure da na gado da na ibada, ta ba su amsa. In sun koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna koya wa matan auren da ba su samu zuwa ba. Ta haka karatun da aka yi a tsakar gida ɗaya a Sakkwato ko Wurno yake isa ƙauyuka masu nisa, ba tare da an gina aji ko an biya albashi ba.

Aikin 'Yan Taru bai tsaya ga biya karatu ba. Su ne masu wankan gawar mata bisa sunna, masu zama da mai naƙuda, masu jinyar marasa lafiya, masu sulhunta ma'aurata da kishiyoyi. Saboda haka a idon matan ƙauye jaji ta cike gurbin da 'yar bori take cikewa a da, domin duk bukatar da ke kai mace wurin bori, yanzu akwai wadda za ta je wa da ita.

Waƙa a Madadin Allo

In an ce Nana Asma'u mawaƙiya ce, kada mai karatu ya zaci irin mai kiɗan ƙwarya ko kalangu a gidan biki. Jama'ar Shehu ba su yarda da kiɗan shagala ba. Waƙarta rubutacciya ce da ajami, mai ma'auni da amsa-amo irin na waƙoƙin Larabawa, amma don a rera ta da murya aka yi ta. A nan ne gwanintarta ta malanta take. Takarda a wancan zamani tsada gare ta, daga ƙetaren Sahara ake kawo ta, kuma mafi yawan ɗalibanta ba su iya karatu ba. Amma mace ko ba ta san baƙi ba tana iya riƙe waƙa, ta rera ta tana niƙa, tana kaɗi, tana lallashin goyo. Ma'auni da amsa-amo su ne ke tsare kalmomi, domin in an yar da kalma ɗaya kunne zai ji waƙar ta karye. Ashe waƙa littafi ce da ruwa ba ya jiƙawa, gara ba ta ci.

Ta kuma san wa take yi wa magana. In da malamai take, sai ta yi Larabci. In da danginta ne, ta yi Fulatanci. In kuwa talakawa take nufi, musamman matan karkara, sai ta yi Hausa. Alal misali, ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin 'yar gajeruwar waƙa don mai koyo ya riƙe su bi da bi, ta fara yin ta da Fulatanci, daga baya ta yi ta da Hausa. A 1831 ta mayar da wata waƙar mahaifinta Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai jan kunnen sarakuna da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da cin haƙƙin talaka. A tuna fa, 'yar gidan mulki ce take sa wannan gargaɗi a bakin talakawa, a harshen da kowa ke ji. Ta yi Godaben Gaskiya a kan hanyar tsira, ta yi waƙoƙin begen Annabi, ta yi na roƙon ruwa a shekarar fari, ta kuma rubuta littafi da Larabci a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i.

Akwai wata guda da ta cancanci a tsaya a kanta, wato Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Bello ne ya rubuta littafin nasiha a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, sa'an nan ta ƙara da matan da ta sani da idonta a cikin jama'ar Shehu, malamai da masu ibada. Manufar a fili take: matar ƙauye ta ji cewa wannan daraja ba ta ƙare a Makka da Bagadaza ba, ga ta nan a maƙwabta. Wani abin lura kuma shi ne takan rufe waƙa da ramzi, wato haruffan da ke nuna shekarar da aka yi ta. Albarkacin wannan ɗabi'a ne manazarta suka iya jera ayyukanta shekara bi shekara.

Uwa kuma Kaka

Allah Ya ba ta 'ya'ya maza tare da Giɗaɗo, cikinsu akwai Abdulƙadir da Ahmadu da Abdullahi Bayero. Da Giɗaɗo ya tsufa, wajen 1842, Abdulƙadir ya gaji wazirci, kuma shi ma malami ne marubuci. Da Abdulƙadir ya rasu a 1859, ɗansa Ibrahim Halilu ya hau. Ke nan tana raye ta ga miji da ɗa da jika a kan sarauta guda. Bayan rasuwarta ɗanta Abdullahi Bayero ya riƙe, sa'an nan jikanta Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu, wanda ya tashi ya yi wayo tana da rai, shi ne Wazirin da Turawa suka tarar a 1903. Ɗan Buhari kuwa shi ne Waziri Junaidu, mashahurin masanin tarihi, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wannan zuriya ta shafe mu kai tsaye. Ƙasashenmu na Ikara da Makarfi da Kudan a ƙarƙashin masarautar Zazzau suke tun daga zamanin da Malam Musa ya karɓo tuta daga Shehu, kuma a tsarin daular, Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Zazzau, kamar yadda yake ƙofar Kano. Ta hannunsa wasiƙu da gaisuwa ke isa ga Sarkin Musulmi, kuma da shi ake yanke shawarar wanda zai hau gadon Zazzau daga gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Saboda haka mutanen da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Zariya a ƙarni na 19 da manyan al'amuran ƙasarmu a hannunsu, mijinta ne da 'ya'yanta da jikokinta.

Tsawon rai kuwa yana tafe da nasa nauyi, domin mai tsawon kwana shi ke binne 'yan uwa. Ta ga rasuwar mahaifinta, da baffanta Abdullahi, da wanta Bello, da mijinta wajen 1850, da aminiyarta A'ishatu matar Bello, da ɗanta Waziri. Ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan Shehu: Bello, Atiku, Aliyu Babba da Ahmadu ɗan Atiku. Da yawa daga cikin waɗanda ta rasa ta yi musu marsiyya, kuma a cikin marsiyyoyin nan ne halinta ya fi bayyana. Ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace mai sada zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke taimakon masu haihuwa. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana jawo mata ayarin ɗalibai. Abin da take yabawa ga mamaci, sarki ne ko talaka, shi ne haƙuri da kyauta da riƙon zumunci da tsoron Allah. Ko a waƙar da ta yi a kan halayen Bello, adalcinsa da ilminsa ta fi tsayawa a kai. Matan da ba ta haifa ba ma uwa suka ɗauke ta, har ana ce mata Uwar Gari.

Rasuwarta da Abin da Ya Biyo Baya

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta yi zaman aure a Kano a gidan Sarki Ibrahim Dabo kafin ta koma gida, ita ta ci gaba da karɓar 'Yan Taru har wajen 1890, bayanta kuma Tamodi ta riƙe. Turawa suka zo suka tafi, tsarin yana nan a ƙauyukan Sakkwato. Yana da kyau mu auna shekarun: sai a 1930 gwamnatin Turawa ta buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, makarantar horar da malamai mata ta Sakkwato kuwa sai a 1939. Wato kusan shekara 100 ke nan bayan wata 'yar ƙasa ta riga ta tsara yadda za a kai ilmi ga matan karkara.

Zuriyarta sun adana takardunta hannu da hannu har suka iso ga Waziri Junaidu. Shi ne ya buɗe wa wata malamar makaranta 'yar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta yi nazarinsu. Ta buga tarihin Nana a 1989, sa'an nan a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta. Da tsohuwar ba ta reni jikokin da suka san darajar takarda ba, da gara ta cinye wannan dukiya. A 1985 da aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta ƙasa, FOMWAN, a Minna, sunan Nana yana cikin hujjojin da matan suka riƙe na neman ilmi. Makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da yawa a Arewa sunanta suke ɗauke da shi, har wasu Musulmi a birnin Pittsburgh na Amurka sun kafa ƙungiyar mata suka sa mata suna 'Yan Taru.

Mu da Namu Kakannin

To, ina darasi a gare mu? Na farko, har yanzu a ƙauyukanmu, daga Paki da Saulawa zuwa Gimi da Gubuci, zuwa Hunƙuyi da Likoro, akwai iyayen da ke ganin karatun 'ya mace baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Kowannenmu ya tuna ajinsa na firamare, musamman waɗanda suka shiga a zamanin UPE ta 1976: 'yan mata nawa aka fara da su, nawa suka kai aji shida, nawa suka taka sakandare? Wasu talla ta janye su, wasu aikin kakar rake da tumatir, wasu aka yi musu aure ba su iya rubuta sunansu ba. Mu da muka yi karatu, in mun koma gida muna gardama da irin waɗannan iyaye, ba sai mun aro hujja daga waje ba. Ga 'yar Shehu nan, ga mahaifinta da ya tsaya mata.

Na biyu, kakanninmu suna ƙarewa, kuma abin da ke kansu yana tafiya da su. A nan kusa da mu akwai misali. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a kan iyakar Kano da Zazzau, ba ta iya karatu ko rubutu ba. Amma a 1949 zuwa 1950, tana zaune a Giwa, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa: zamanin harin bayi, zuwan Turawa, aure da ƙawance da goyo, haɗe da waƙoƙin mata masu yawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma jami'o'in duniya sun daɗe suna karanta shi. Baba ba ta fi kakanninmu sani ba, sa'a ta yi aka samu mai zama da ita da alƙalami. Tsofaffi nawa irinta muka binne a Ikara da Makarfi da Kudan ba wanda ya rubuta ko baiti ɗaya daga bakinsu? Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara guda uku. Kowane ɗan ƙungiya da ke da tsohuwa a raye, kaka ce ko gwaggo ko inna, ya zauna da ita ya ɗauki muryarta da wayarsa, waƙoƙin bege da na wa'azi da na niƙa da na reno, da tarihin gidansu, a tara a ajiye a ɗakin karatun makarantarmu. Sa'an nan a ware wani kaso na kuɗin da muke tarawa don riƙe 'yan matan da rashin hali zai fitar daga makaranta. Na ƙarshe, a taronmu na shekara, in ana karrama malamanmu na aji, a riƙa gayyato ko da mutum ɗaya daga cikin dattijan matan nan masu karantar da matan aure a cikin gidaje ba tare da albashi ba, a karrama ta a gaban jama'a. Su ne jajin zamaninmu, ko da ba a ɗora musu malfa ba.

Kammalawa

A taƙaice, Nana Asma'u ta tashi cikin yaƙi da ƙaura, ta zauna a gidan mulki, amma ta ƙarar da rayuwarta wajen kai ilmi ga matan da ba wanda ya tuna da su, ta hanyar tsofaffi da waƙa. Shekara fiye da 160 ke nan da rasuwarta, ana karanta abin da ta rubuta, ana kuma kiran sunanta da alheri. Malamanmu da suka tsufa a kan wannan aiki, maza da mata, su sani cewa sahun da suka bi tsoho ne mai albarka.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba waɗanda ke raye lafiya da tsawon kwana mai amfani, mu kuma Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da suka ɗora mana. Amin.